Allurar Gudun Motar Baba

Saurayin mai gyaran wutar mota yana kwance ƙarƙashin wata mota lokacin da wata ta shigo garejin, don haka takalmanta ya fara gani. Da ya fito yana goge hannu, sai ya tarar da budurwa tsaye jikin wata tsohuwar farar mota.

"Kai ne Mai Wayarin?" ta tambaya. "Tuƙi nake koya wa mata da motar babana. Allurar gudu ta kwanta yau kwana tara, ɗalibaina ba sa sanin gudun da suke yi. An ce sai an canza mitar gaba ɗaya."

"Wa ya ce?"

"Ɗan kawuna. Motoci yake sayarwa."

"Malama, ba ni minti ashirin."

Ya ɗaga motar da jak, ya bi waya tun daga bayan mita har zuwa sensar da ke jikin giya, wato na'urar da ke auna gudun motar. Wuta na zuwa, sensar ce ba ta amsawa. Ya kwance ta, ya nuna mata garin ƙarfen da ya manne a bakinta, ya wanke ya mayar. Da suka zaga layin, allurar ta tashi. Ta yi dariya, shi kuwa ya ma manta da kallon mitar.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Malama, ya jikin mara lafiya?"

Ta amsa: "Ta warke, Likita. Sai dai mai jinyar ce ta rasa dalilin dawowa."

Cikin wata biyu "Malama" ta koma "Malamata". Amma da maganar aure ta isa gidansu Malama, Baba ya murtuke fuska. Shekara talatin ya yi yana direba, kuma ɗan kawun nata yake so ta aura.

"Na san masu gyara," in ji shi. "Su ɗaure nan, su kwance can, don ki dawo."

Bayan kwana uku allurar ta sake kwantawa. Baba ya bi ta da kallo. Ta rubuta wa saurayin: "Faɗa mini gaskiya, da gangan ka bar wani abu?"

"Na yarda da aikina, Malamata. Ki ce wa Baba ina zuwa, a gabansa zan duba."

Da hantsi ya iso, ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Bai yi minti biyu ba ya fito.

"Baba, babu abin da ya lalace. Soket ɗin sensar aka zare."

"Ko dai faɗuwa ya yi?"

"Soket ba ya faɗuwa ya naɗe kansa da leda. Wanda ya zare shi yana son motar nan, bai yarda datti ya shiga ba. Kuma ya san aiki, ko maƙalin bai karya ba."

Sai dariya ta ƙwace wa Baba.

"Ni na zare," ya ce wa 'yarsa. "Jiya na nuna wa ɗan kawunki, ko sunkuyawa bai yi ba ya ce a sayar da motar." Ya juya ga saurayin. "Da ka ce sensa ta mutu, da ba ka sake taka gidan nan ba. Turo manyanka."

Malama ta rufe fuska da mayafi. Da ta rako shi ƙofa ta ce, "Ka yafe mini, na yi zarginka."

"Kin tambaye ni kai tsaye, abin da nake so ke nan."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baba da kansa ya tuƙa amarya har ƙofar gidanta. Kafin ta sauka ya dafa kanta ya ce, "Na ba da ke ga mai gaskiya. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya yi muku albarka."

Ango na tsaye bakin ƙofa, ya amsa da amin.