Gwangwanin Meshak

"Afiniki, filis, yau kaɗai! Yau ɗaya tak kar ki sunkuya a hanya!"

Romanus ne tsaye a ƙofar ɗakinta a Kafanchan, ya ci ado, gumi na keto masa. Lahadi ce cikin 1975, ranar da zai kai ta gaban iyayensa su ce i ko a'a a kan aurensu. Afiniki ta ajiye dutsen guga ta dube shi.

"Me Mama ta ce kuma?"

"Wai ɗanta, akawun reluwe guda, ba zai auri mai tsince-tsince a titi ba. Wai matan kasuwa dariya suke mata."

Idon Afiniki ya kawo ruwa. Tsakani da Allah, tsince-tsincen kam tana yi! Ba ta iya wuce ƙusa ko fasasshiyar kwalba ba ta ɗauke ba, kuma duk su huɗun da ubansu ya haifa haka suke. Uban nasu, marigayi Meshak, lebura ne mai duba layin dogo. Kullum da safe zai fita da guduma a kafaɗa da tsohon gwangwanin madara ɗaure a ƙugu, duk abin da zai iya cutar wani, cikin gwangwanin yake ƙarewa. Tana tuna yadda take binsa zuwa coci tana 'yar ƙarama, ya tsaya cak ya nuna ƙasa, ya ce, "Ɗauka, Afiniki. Wani na zuwa bayanki, ƙila ba takalmi."

"To, na ji," ta ce a hankali. "Saboda kai."

Sun iso kwatas ɗin reluwe lafiya. Ga Mama Dorathy, uwar Romanus, zaune a baranda ta haɗe rai. Sai ga fasasshiyar kwalba daidai bakin ƙofa, yaran maƙwabta kuwa na guje-guje ƙafa ba takalmi. Afiniki ta kau da kai ta wuce. Taku ɗaya, taku biyu — ina! Ƙafa ta ƙi. Ta juya, ta durƙusa da sabon zanenta, ta shimfiɗa hankici tana tsince gilasan a ciki.

"Ka gani? Ka gani da idonka!" Mama Dorathy ta miƙe tana tafa hannu. "A ƙofar gidana! Wannan za ka kawo mini?"

Hawaye na ɗiga a hankicin, amma Afiniki ba ta fasa ba. Romanus ya dubi uwarsa, ya dubi yarinyar. "Sori, Mama," ya ce, ya durƙusa kusa da ita da farin wandonsa.

Hayaniyar ce ta fito da maigidan, Baba Onyekwere, tsohon direban jirgi da ya yi ritaya. Ya dube su, sannan ya yi magana da irin Hausarsa ta 'yan reluwe.

"Yarinya, wa ya koya maka wannan?"

"Babana ne, Baba. Meshak."

"Meshak? Mai gwangwani, na layin Kagoro?"

"Shi ne. Shekara uku ke nan da rasuwarsa."

Tsohon ya cire hularsa. "Shekara goma sha tara ina jan jirgi a layin nan, ban taɓa magana da shi ba ko sau ɗaya. Amma kowane safe ina ganinsa gefen layi, ya ɗaga mini guduma. In na ga guduman nan, na san hanya lafiya. Dorathy, mutumin da yake dawo miki da miji kowane yamma ke nan. Ɗiyarsa kike kora?"

Mama Dorathy ta juya. Ta shige kicin, can sai ga ta da gwangwanin madara wanda ba komai ciki.

"Zuba a nan, ɗiyata," ta ce. "Kar ki yanke hannu."

Cikin Disamba aka ɗaura auren, coci ya cika maƙil da 'yan reluwe. Aka tambayi amarya sunan ubanta, ta ɗaga kai ta faɗe shi da ƙarfi har na baya suka ji.

Ku 'yan mata da samari, kada ku ji kunyar halin kirkin da iyayenku suka bar muku don neman shiga gidan wani. Meshak bai bar wa 'ya'yansa gona ko gidan kwano ba, sunkuyawar nan kaɗai ya bar musu. Ita aka ce Afiniki ta ɓoye, ita ce kuma ta buɗe mata ƙofa.