Zanen Gado Ruwan Ɗorawa

"Na ce miki ba suma na yi ba! Santsi ne ya kwashe ni."

"A kan kafet? Direba, ni za ka raina wa hankali? Kanka a cinyata yake jiya, ina jijjiga ka, idonka ya kafe... Minti guda cur ba ka san inda kake ba!"

Ya kau da kai, ya ci gaba da goge farar rigar da tuni ta gogu.

Mijina matuƙin jirgin sama ne, amma ba irin manyan nan masu ƙetare teku ba. Nasa mai farfela biyu ne, kujera hamsin, tafiyar minti arba'in tsakanin ƙananan garuruwa, sauka biyar a yini. Shi ya sa nake tsokanarsa da Direba, don ban ga bambancinsa da mai bas ba sai hula. Shi kuma Hasumiya yake ce min, irin ta filin jirgi, wai ni ke ba shi izinin sauka.

Aikin yana da daɗinsa, ba zan yi butulci ba. A gida yake kwana. Ƙarfe huɗu na yamma jirginsa kan bi ta saman unguwarmu, ni kuma in shanya zanen gado ruwan ɗorawa a saman bene, ya hango ya san lafiya muke. Amma aikin ya tatse shi. Fitar asuba, cin abinci a tsaye, ranar hutu ma sai a kira. Shekara shida yana mataimaki, sai yanzu aka ce ranar Litinin zai zama kyaftin. Gwajin likita kawai ya rage, kuma yau ne.

Takardar da zai cike tana kan tebur. Na karanta ta ya fi sau goma. Ka taɓa suma tun bayan gwajinka na ƙarshe? E ko a'a.

"Gajiya ce kawai, masoyiyata," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "In na rubuta e, a take za su dakatar da ni. Shekara shida fa... Ban iya komai ba sai tuƙin nan!"

"In kuma ya dawo maka kana sama?"

"Ai mu biyu ne a gaba."

"Kana saukar da shi fa? Tayoyi na dab da taɓa ƙasa?"

Sai wayarsa ta yi ƙara. Umma ce, mahaifiyarsa, ina jin muryarta daga inda nake. Matar da ko tsani ba ta yarda ta hau ba, wai ta ɗinka sabbin kaya, ita ce fasinjarsa ta farko ranar Litinin.

"Ka tuƙa ni a hankali fa, ɗan nan, ban da gudu!"

Ya yi dariyar dole, ya ajiye wayar.

"Za ka ɗauke ta?" na tambaye shi.

Ya sake ɗaukar dutsen guga.

"In ba za ka iya ɗaukar taka uwar ba, ta wa za ka ɗauka?"

"Kai ƙarata za ki yi ke nan?"

Hawaye suka ɓalle min. Ina son bawan Allahn nan har cikin ƙashina, kuma na san abin da nake shirin raba shi da shi.

"Ba zan faɗa wa kowa ba, sirrinka nawa ne. Amma wallahi ba zan sake shanya zanen nan ba. Ba zan ce maka lafiya muke alhali ƙarya ne!"

Ya ɗauki takardar ya fita, ko sallama babu.

Yinin nan ban iya saka komai a bakina ba. Na kira shi sau huɗu, waya a kashe. Huɗu saura kwata ƙafafuna suka kai ni saman bene da kansu, zanen a ninke a ƙirjina, na tsaya kamar wadda aka aika ta manta saƙon.

Sai na ji taku a bayana.

Shi ne, idanunsa jajur, hular a hannu.

"Na rubuta e," ya ce. "Sun dakatar da ni wata shida, sai an bincika zuciyata. Wataƙila in koma... wataƙila shi ke nan."

"Umma fa?"

"Na biya ta can. Ta ce dama tsoro take ji, kunyata ce ta hana ta faɗa."

Na yi dariya ina kuka. Can muka jiyo rurin jirgin ƙarfe huɗu, abokin aikinsa ne a kujerarsa. Ya ɗaga kai yana bin sa da kallo, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

"Ya yi saurin sauke tayoyi," ya ce a hankali. "Kullum sai na faɗa masa."

Na riƙe hannunsa gam. Ya kalli zanen da ke ƙirjina, ya kama gefe ɗaya.

"Kama can, Hasumiya. Mu shanya... lafiya muke."