Shekara Biyun da Ba Ta Yi Ba

Mubina na zaune kan tabarma a tsakar gidansu da ke Ƙanƙara, laftof ɗin ƙawarta bisa cinya, ta zabga tagumi. Ba ta daɗe da gama makarantar koyon aikin jinya ba, ga shi an buɗe ɗaukar ma'aikata, amma CV ɗinta ta ƙi cika ko rabin shafi. Suna, makaranta, sakamako, shi ke nan. Wurin faɗin aikin da aka taɓa yi kuwa, fari fat!

Inna, mahaifiyarta, ta ɗago daga tankaɗe. "Ke wai mi kike kallo tun hantsi?"

"Inna, wadda ta taɓa aiki suke so. Ni da ko albashin wata ɗaya ban taɓa gani ba!"

Sallamar Anti Rukayya ce ta katse su. Ita ce yayar Sadiƙ, malamin firamaren da aka sa musu ranar aure da Mubina bayan girbi. Takanas ta taso daga Faskari, inda mijinta yake da ɗan asibitin kuɗi.

"Share hawayenki, ƙanwata! Abban Ikhlas ya ce ki rubuta kin yi shekara biyu a asibitinshi. Zai ba ki takarda har da hatimi."

"Anti, ai ko ƙofar asibitin ban sani ba."

"To wa zai bincika? Kowa haka yake yi!"

Mubina ta sunkuyar da kai. "Allah Ya saka da alheri, Anti. Amma in suka ɗauka na ƙware, suka bar ni ni kaɗai da mai naƙuda fa? Ran mutum ne. Ba zan iya ba."

Rukayya ta miƙe ta fizgi mayafinta. "Au! Mu ne maƙaryata ke nan? Tun ba ki shigo gidan ba!" Ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba.

Kafin a ce me, magana ta canja kama a Faskari: wai Mubina ta zagi dangin miji. Hajiya, mahaifiyar Sadiƙ, ta aiko a dakata da zancen lefe. Inna ta fashe da kuka.

"Ɗiyar nan, a kan layi guda za ki kashe aurenki?"

Mubina ta shige ɗaki ta yi kukanta mai isarta, amma ba ta sauya ba.

Ranar Asabar da la'asar Sadiƙ ya zo, duk ya faɗa. A zaure ya ce, "Don Allah ki rubuta, ko don a zauna lafiya. Hajiya ko gaisuwata ba ta amsawa."

"Sadiƙ, ka san ina son ka. Amma in na shiga aikin nan da ƙarya, duk ranar da na sa fararen kaya sai in ji kamar aro na yi."

Ya nisa. "Ɗauko laftof ɗin. Wai shekarun da kika yi a makaranta, barci kika yi?"

Dariya ta ƙwace mata cikin hawaye.

Ya ci gaba: "Wa aka tura ɗakin haihuwa koyon aiki? Wa ya bi ƙauyukan Pauwa da akwatin rigakafi? Da mutane suka gudo daga daji aka sauke su a firamare, wa ya riƙa wanke musu rauni ba ko sisi?"

"To ai duk sistar asibiti na tsaye kaina..."

"Sai ki rubuta haka nan, da sistar da komai!"

Yana tuna mata tana bugawa, har shafi ya cika. Babu kalma ɗaya da za ta ji kunyar karewa.

Amma fa ba a nan wahala ta ƙare ba. Sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito babu nata. Girbi ya wuce babu biki. A wani taron suna, habaici ya ishe ta: "Gaskiya dai ba ta ba da aiki ba, ga miji na shirin kuɓucewa." Sai ta haɗiye, ta koma gida ta gyara CV, ta sake turawa wani wurin. Sadiƙ kuwa duk Asabar yana zaurensu.

Daga bisani aka kira ta intabiyu a wani asibiti da ke yankin Sabuwa. Duk abin da suka tambaya daga takardar, hannunta ya taɓa yi. Aka ɗauke ta.

Cikin satin ne Malam Yahuza, mahaifin Sadiƙ, ya dawo daga gonarsa ta Damari inda ya ƙare kaka. Ya tambayi dalilin shiru da maganar biki, aka zayyana masa. Ya dubi Hajiya da Rukayya.

"Ashe abin da ta yi ke nan? Yarinyar da ta ƙi yi ma takarda ƙarya, ɗana za ta yi mawa? Ku tashi ku kai lefen nan!"

Hajiya da kanta ta shigo gidan su Mubina. Mubina ta durƙusa za ta ba da haƙuri, Hajiya ta ɗago ta ta rungume.

"Ni aka kawo ma zance a karkace, ɗiyata. Ki yafe mani."

Aka sha biki, amarya ta tare, ta kama aikinta da kai a ɗage. 'Yan mata, ku riƙe wannan: gaskiya takan yi nawa a hanya, amma in ta iso, da mutuncinki take isowa.