Mai Fara Littafi Ta Baya

Ranar da sababbin littattafan matasa suka iso laburare, kwali bakwai cif, wata budurwa ma'aikaciyar wurin ce ta tare su a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Sashen 'yan sakandare nata ne, kuma ƙa'idar aikin sai ta karanta littafi kafin ya hau kantar littattafai. Sai dai karatun nata daban ne. Ta baya take buɗewa, ta karanta shafin ƙarshe, in hankalinta ya kwanta sannan ta koma farko.

A haka mai ɗinkin littattafai ya same ta. Shi ake kira ya ƙara wa sababbin littattafai bango mai ƙwari, don yaran nan in suka ƙaunaci labari sai sun ga bayansa.

"Malama, ta nan ake farawa yanzu?" ya tambaya.

"Ni dai ta nan nake farawa. Ba zan kwana uku ina son mutum ba, a zo a kashe min shi a babi na ashirin."

Ya yi dariya har wani dattijo mai karanta jarida ya harare su ta saman tabarau. Daga ranar ya sa mata Gaggawa, ita kuma ta rama da Mai Zare.

Aikin da zai ƙare a mako biyu sai da ya ja shi wata huɗu. Littafi uku-uku yake dawowa da su, wai gam bai bushe ba. Da wannan ya ƙare kuma ya koma neman tsofaffin da suka yage. Kullum da safe saƙonsa na jiranta a waya:

"Gaggawata, kin karya, ko da abincin rana kika fara?"

"Mai Zare, ka kiyaye ni. Yaushe za ka zo?"

Har aka shekara. Babanta, tsohon malamin makaranta, ya kira ta falo wata Asabar.

"Ɗinkin littafi? Yanzu da kowa ke karatu a waya?" Ya girgiza kai. "Ba zan miki dole ba. Amma shekara guda yana kawo littattafai, bai kawo magana ba. Ɗan abokina mai kantin magani sau biyu yana turowa. Mako guda na ba ki. In naki da gaske yake, ya zo ya same ni."

A ranar ta faɗa wa Mai Zare. Shi kuwa, mutumin da ba ya raba wasa da gaske, sai ya ce, "Haba Gaggawa, komai sai kin leƙa ƙarshensa? Wata rana dai ki gwada haƙuri ki gani."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Wato kallon marar haƙuri yake mata, shi ya sa yake jan ƙafa? To, za ta nuna masa.

Washegari ya kawo mata wani sabon labarin matasa mai koren bango, ya ajiye a teburinta ba tare da ya kalli idonta ba.

"Wannan ki duba shi da kanki," ya ce, ya fita da sauri.

Ta ɗauko maƙalin takardu ta danne shafukan ƙarshe, ta buɗe shafi na ɗaya. Karon farko ke nan a rayuwarta. Allah sarki, wahalar da ta sha! Ta karanta layi biyu ta duba waya. Ta miƙe ta gyara kantar da ba ta karkace ba. Ta buga wa wata yarinya hatimin ranar dawo da littafi a bayan hannu maimakon a kati, 'yan matan suka yi ta ƙyalƙyala mata dariya.

Rana ta uku saƙonsa ya shigo:

"Gaggawata, ya kika ga ƙarshen?"

Ta yi murmushi. Bari ya ga ta canza.

"Ƙarshen bai dame ni ba yanzu."

Ya gani, bai amsa ba. Rana ta huɗu shiru. Ta biyar shiru, sai mai kantin magani da ya aiko wa Baba gaisuwa. Ta kira Mai Zare sau biyu bai ɗauka ba. Tsoro ya kama ta sosai, ta ga kamar shekara guda ita kaɗai take haukanta.

Rana ta shida tana babi na goma sha bakwai, ko sunan jarumar ba ta riƙe ba. Gobe wa'adin Baba zai cika. Ta dubi maƙalin nan, ta ce a ranta, wanda na yi dominsa ma ya tafi, haƙurin me kuma? Ta fizge shi ta juya littafin ta baya.

Bayan shafin ƙarshe akwai wani shafi da ba na littafin ba, an ɗinke shi a ciki da jan zare. Rubutun hannunsa ne:

"Na san nan za ki fara buɗewa, shi ya sa na ɓoye a nan, don bakina ya kasa. Ina son ki aure ni. In kin yarda ki ce min ƙarshen ya yi kyau, gobe-goben nan in je wajen Baba."

Ko jakarta ba ta ɗauka ba, sai littafin kawai. A shagonsa ta same shi zaune cikin ƙanshin gam, allura a hannu ba zare a cikinta.

"Ai kin ce bai dame ki ba," ya ce a hankali.

"Ban karanta ba! Kai ka ce in yi haƙuri, na danne shi na fara daga farko!"

Ya saki baki. "Daga farko? Ke? Duk littattafan duniya, sai a kan nawa za ki shiryu?"

Tana kuka tana dariya ta ce, "Ƙarshen ya yi kyau, Mai Zare. Tashi."

Baba ya saurare shi fuska a ɗaure. Da ya ji dalilin jinkirin, ya ce a miƙo littafin. Ya karanta shafin, ya kama shi da yatsa biyu ya ja. Bai motsa ba. Ya ƙara ja da ƙarfi, ya duba ɗinkin kusa da ido, ya daɗe.

"Wanda ya ɗinke maganarsa haka, ban ga alamar zai warware ta ba," ya ce. "Ƙamus ɗina ya rabu gida uku. Ka tafi da shi, ka dawo tare da manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yan matan sashenta suka zo a jere, kowa na cewa ita tun tuni ta san yadda labarin zai ƙare. Baba ya sa musu albarka ƙamus ɗinsa a hammata.

Da jama'a suka watse, angon ya miƙa mata wani littafi da ya ɗinka da hannunsa, fararen shafuka zalla. Ba ta san lokacin da ta juya shi ta baya ba. Layi ɗaya ne a wurin:

"Na kama ki. Koma farko, Gaggawata, tare za mu bi shi."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa shafukan su yi yawa.