Tef ɗin Awo a Kan Ummi

Su uku ne a gidan: kafinta, matarsa mai ɗinki, da 'yarsu Ummi mai shekara bakwai. Ba su rasa komai ba sai kwanciyar hankali, tun ranar da likita ta ce cikin da matar ke ɗauke da shi ma sai an yi mata aiki, kamar na Ummi.

"Ba zan sa hannu ba, Abban Ummi! Inna ta ce duk danginmu ba wadda aka taɓa yankawa sau biyu."

"Rabin raina, Inna ce za ta kwanta a gadon?"

"To wa zan bi? Likita ta ce ƙuguna, Inna ta ce tsoro ne, Goggo ta ce kan Ummi ne ya yi girma... Ni na rasa gane komai!"

Ta juya neman tef ɗinta na awo, ba ya kan keke. A bayan labule suka same shi, Ummi ta naɗe kanta da shi tamau, har goshinta ya yi shata.

"Me kike yi haka?"

"Matsewa nake, Mama. Na faɗa wa ƙanina ma ya rage nasa, kar ya ji miki ciwo irin nawa."

Uwar ta zauna a ƙasa.

Kafinta ya durƙusa, ya warware tef ɗin a hankali. Ya ɗora hannun yarinyar a ƙugun ita kanta.

"Kin ji ƙashin nan? Zagaye yake kamar zobe, ta cikinsa jariri ke bi. Lokacin haihuwa yana ɗan saki, jaririn ya juya kansa ya wuce. Na Mamanki ƙofarsa ƙarama ce, haka aka halicce ta. Kin tuna kabad ɗin da ya ƙi shiga ɗakin nan?"

"Ta taga kuka shigar da shi."

"Wa muka daka, kabad ko ƙofa?"

Ummi ta yi dariya. Uwar ma ta yi, hawaye na zuba.

"Wato ni ce ƙofar, ko? Allah ya shirye ka!"

"Ƙofar da ba zan iya sake yin irinta ba. Ki rufa min asiri, masoyiyata..."

Ta daɗe tana kallon shatar goshin 'yarta.

"Miƙo takardar in sa hannu. Inna kuma ni zan je mata da kaina."

Ranar Ummi ta gane cewa kanta bai taɓa yi wa Mamanta laifi ba.