Ɗan Tudu a Gonar Teku

Ranar da Wajdi ya sauko daga jirgin ruwan birnin Safakis, ko tsayuwar kirki ba ya iya yi. Awa ɗaya da kwata kawai ake yi a ruwa kafin a iso tsibirinmu na Karkana, amma shi sau uku ya yi amai. Yana rungume da kwali ɗaya, sauran goma sha ɗaya suna bayan a-kori-kura.

Sausan, malamar 'yan aji biyar, ita shugaban makaranta ya aiko ta tarbe shi.

"Kai ne mai kwamfutocin?"

"Ni ne, in dai ƙasa za ta daina juyawa."

"Ɗan tudu ke nan," ta ce, ta miƙa masa lemon tsami. "Shinshina."

Ya ɗago ya dube ta, ya manta da lemon a hannunsa. Sunan kuwa ya bi shi har yau.

Wata uku aka ba shi ya koya wa malamai da yara kwamfuta. Iskarmu gishiri ce, ko ƙusa ba ta shekara, don haka Sausan ta ɗinka wa kowace kwamfuta riga. Kullum bayan an tashi su biyu ke lulluɓe su, aikin minti biyar yana cin awa guda. Daga nan saƙonni suka fara.

"Malamata, yau ɗalibarki Rim ta buga sunanta ba ta kalli yatsunta ba. Ni kuma naki nake ta bugawa ina gogewa."

"Ɗan tudu, rage zaƙin baki. Saura maka kwana arba'in, jirgin da ya kawo ka yana nan."

Tana son sa, wannan ko makaho ya gani. Amma Sausan ba ta da ƙafar tafiya ko'ina. Mu nan teku ake gada kamar gona. Mahaifinta, Rayis Mabruk, yana da nasa yankin, inda duk kaka ake kafa sharfiya, wato katangar rassan dabino da ke jan kifi idan ruwa ya janye, har ya faɗa ɗakin da ba ya iya fita. Yayyenta biyu sun yi karatu sun haye tudu, sai waya ranar sallah. Gwiwoyin tsohon sun gaji. Duk yamma takan tsaya a tagar aji ta ga jirgi yana tashi, zuciyarta ta yi nauyi, sannan ta koma gida ta dafa masa kuskus da kifi.

Da Wajdi ya je gaishe shi, tsohon ko ɗagowa bai yi ba daga kwandon da yake saƙawa.

"Ammi Mabruk," ya ce, yadda muke kiran baffa a nan, "na zo ne a kan maganar Sausan."

"Allo da littafi kawai sun kwashe mini maza biyu. Kai kuma ka zo da akwatunan da ke nuna wa yara hanyar fita tun suna shekara goma. Yanzu 'yar da ta rage kake so?"

"Ba zan raba ta da kai ba."

"Haka kowa ke cewa kafin jirgi ya yi ƙaho. Lutfi ya riga ka magana, kuma shi ya san ruwa."

Lutfi shi ne mai yankin da ke maƙwabtaka da nasu. Ba mugu ba ne, sai dai in ya ce Sausan sau ɗaya, sai ya ce sharfiya sau uku. Babu wanda ya tilasta mata. Uban cewa ya yi ta zaɓa, kuma wannan ya fi tilas ciwo, don ta san in ta bi Wajdi gonar ta mutu, tsohon kuma ba zai daɗe bayanta ba.

Ranar da wata ukun suka cika, Lutfi ya tare ta a ƙofar makaranta.

"Mutumin naki ya bi jirgin safe, da jakarsa. Na ce bari in gaya miki kada ki yi ta jira."

Ta kira, waya a kashe. Ta shiga aji ta lulluɓe kwamfutoci sha biyu ita kaɗai, ta zauna ta yi kukan da ya ishe ta. Sannan ta rubuta masa: "Ko sallama babu. Na gode, Allah ya kiyaye hanya."

Amsar ba ta zo ba sai bayan kwana biyu. "Hasken idona, wayata ce ta faɗa ruwa, kin san ni da jirgi. Zo tasha da yamma, ki taho da lemon tsami."

Ya sauko yana layi kamar ranar farko. A bayansa babbar mota ce shaƙe da rassan dabino daga garin Gabis, a aljihunsa kuma takardar neman a bar shi a makarantarmu. Sausan ta jefe shi da lemon, tana dariya tana share hawaye.

Rayis Mabruk ya ce ba zai taɓa reshe ɗaya ba, ba kuma zai faɗi kalma ba. Wajdi bai damu ba. Ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam, ga sharfiyar tsohon nan ɓaro-ɓaro kamar kan kibiya a cikin ruwa. Ya auna, ya zana, ya ɗauki leburori biyu, suka yi sati biyu cikin ruwa iya ƙirji suna kafa sabuwa. Tafin hannunsa duk ya tsage.

Ranar ɗaga kwandunan kamun kifi aka sami kifi uku da tsohon takalmi. Masu shan shayi a bakin tasha sun yi dariya har da riƙe ciki, muryar Lutfi ta fi ta kowa.

Washegari ana tsakiyar darasi sai ga tsohon a ƙofar aji da sandarsa.

"Nuna mini abin da ya ɓatar da kai."

Wajdi ya buɗe hoton. Rayis Mabruk ya matso kusa. Shekara hamsin yana kafa sharfiya, bai taɓa ganin ta daga sama ba. Ya ɗora yatsa a kan gilashin.

"Wannan ta shekara uku da suka wuce ce, da ni da ƙaramin ɗana muka kafa ta." Ya gyara murya. "Yashi ya matsa tun tuni, ruwa ya sake hanya. Akwatinka jiya ya sani, ɗan tudu."

"To wa ya san yau, Ammi?"

"Ni."

"Bayanka fa?"

Rim ce ta ɗaga hannu ta ce, "Kaka, in ka faɗa zan buga, ina da sauri." Yara suka zagaye shi. Har aka kaɗa ƙararrawa yana nuna musu inda ciyawar ruwa ke kwanciya, suna rubutawa.

Da zai fita ya tsaya gaban Wajdi.

"Wanda ya kafa a karkace shi zai cire. Kafin ka iya, shekara goma ce."

"Na yarda."

"Baba," Sausan ta ce a hankali, "shekara goma a ina zai zauna?"

"Ke kuma da tambaya. Ɗakin yayyenki ba kowa a ciki. Ya turo manyansa."

An ɗaura aure da bazara. Aka zagaya da su a kwale-kwale, ganguna na tashi, tsoffin mata na guɗa suna cewa Allah ya ba da zaman lafiya, ya cika gida da 'ya'ya, ya cika kwando da kifi. Ango dai ya riƙe gefen kwale-kwale da hannu biyu.

Jirgin yamma ya yi ƙaho ya tashi. Sausan ba ta juya ta kalle shi ba, tana neman lemon tsami a jakarta.