Hoton da ke Jikin Katin Jirgi

A tashar jirgin ƙasa suka haɗu wata Asabar da safe, tana tsaye tana danna injin sayar da tikiti kamar shi ya yi mata laifi. Watanta uku ke nan a ƙasar waje tana karatun haɗa magunguna, daga ɗaki sai aji. Ranar ta rantse sai ta je ta ga teku, amma da injin ya nuna mata kuɗin, nan take tekun ya fita daga ranta.

Wani dogo mai jakar goyo ya yi mata sallama, ya ce su huɗu ne suna neman cikon na biyar, don tikitin mutum biyar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ƙara ƙanƙame jakarta. Sai da ta ga biyu daga cikinsu mata ne 'yan makarantarsu sannan ta yarda, ta je ta zauna bakin taga.

Malam Rangwame ɗalibai suke kiransa. Injiniyanci yake karanta, amma ainihin iliminsa na araha ne. Ya san jirgin da ke tsayawa kowane ƙauye shi ya sa ba ya tsada, ya san ranar da ake shiga gidan tarihi kyauta, kuma jakarsa ba ta rabuwa da filas na shayi da dafaffen ƙwai. Ita kuwa ya laƙaba mata 'Yar Taga. Tafiya ta biyar ce ta fara amsa sunan, ta takwas kuwa har da murmushi.

Wata Laraba ya turo mata saƙo:

"'Yar Tagata, na duba duk jiragen ƙasar nan, ban ga kujerar da ta kai ta kusa da ke ba. Ki ba ni izini na turo manyana."

Da ta kira gida ta faɗa, Mama ce ta ce ba da ita ba. Mutumin da aka tsinta a tasha, babu maƙwabcin da za a tambaya halinsa, wa ya san ko yana da mata a wani gari? Ga ɗan aminiyarta nan mai shagon magani, an san gidansu tun kakanni. 'Yar Taga ta yi kuka, ta dage, har ta ce ita ta tsaya masa. Mama ta ce to, an ji, za a gani.

Sai dai akwai abin da ba ta faɗa wa Mama ba. Kowace Asabar ta biyu, Malam Rangwame ɓacewa yake yi. In ta tambaya ya ce uzuri, ya canza magana.

Wata rana a laburare ya miƙa mata walat ɗinsa ta ciro masa katin aron littafi. Hannunta ya faɗa kan wani katin daban, irin na rangwamen mutum biyu, wanda ba ya aiki sai in masu shi sun hau jirgi tare. Hotonsa a dama. A hagu wata budurwa ce, kyakkyawa har da dimple, ɗan ramin nan na kumatu, tana dariya kamar ita 'Yar Taga take yi wa. Katin kuma bai ƙare aiki ba.

Ta mayar da shi. Kishi ya ci ta, amma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tunanin ta kira Mama ta ce, "Kin yi gaskiya." Kwana uku ba ta ɗauki wayarsa ba, ta kuma tuno duk wani shayin da ya taɓa zuba mata ta ce ashe na yaudara ne.

Ranar Juma'a ta rubuta masa: "Gobe ina za ka?"

"Uzurin nan ne, Rabin Raina. Ki yi haƙuri."

Rabin rai, wato ɗaya rabin na jikin kati. Da safe ta riga shi zuwa tasha, ta sayi tikiti cikakken kuɗi ko gezau ba ta yi ba, ta laɓe bayan wani ginshiƙi.

Can sai ga shi, yana tafiya a hankali, wata tsohuwa mai sanda riƙe da hannunsa. Budurwa dai babu ita babu alamarta. 'Yar Taga ta ce a ranta wataƙila sai tasha ta gaba, ta bi su cikin tarago ta zauna a baya. Mai duba tikiti ya zo, ya karɓi katin, ya dubi hoton, ya dubi tsohuwar, ya sake duban hoton. Tsohuwar ta watsa masa harara, ta yi murmushin dole, sai ga dimple ɗin nan a kumatunta. Mutumin ya miƙa kati ya wuce sumsum.

'Yar Taga ta miƙe ba ta sani ba, suka yi ido huɗu da Malam Rangwame.

Tsohuwar ce ta warware zancen, bayan ta sa ta zauna bakin taga. Ita ce mai gidan da yake haya. Mijinta yana gidan kula da tsofaffi a wani gari, mantuwa ta kama shi har ba ya gane kowa. Ƙafarta ba ta iya hawa jirgi ita kaɗai, shi ne yaron nan yake raka ta shekara biyu ke nan. Ita ta sa shi ya yi alkawarin kada ya faɗa wa kowa, don ba ta son a ce ta yar da mijinta.

"To Kaka, hoton fa?" in ji 'Yar Taga, kanta a ƙasa.

"Hotona ne na ƙuruciya. Wannan fuskar kaɗai mijina ya riƙe, 'yata. In na shiga ba ya sanina, sai na nuna masa katin, ya ce matarsa ce. Na ce eh, ita ta aiko ni."

'Yar Taga ta fashe da kuka, na kunya da na tausayi a haɗe. Malam Rangwame ya zuba mata shayi, ya ce a hankali, "Yanzu cikakken kuɗi kika biya? Ai wannan ya fi zargin yi mini ciwo." Ta yi dariya hawaye na zuba.

A nan cikin jirgin Kaka ta ce a kira mata Mama ta bidiyo. Tasha huɗu aka wuce tana ba da shaida, har da yadda yake yanke wa tsohon farce. A ƙarshe Mama ta ce a faɗa masa ya turo manyansa.

Da hutun ƙarshen shekara aka ɗaura aure a gida. Asabar ta farko bayan sun dawo, su uku har da Kaka suka shiga wurin tsohon. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya bai gane kowa ba, sai ya kamo hannun ango ya ɗora a kan na amarya, ya ce, "Ka riƙe ta da kyau, kada ka manta da ita." Kaka ta juya tana share ido, ta ce Allah ya yi musu albarka, ya bar su tare har tsufa. Suka amsa da amin.